Idan an hana na'urorin taimaka wa direba a Formula 1, me kwamfutar motar take yi?

"Malam, barka da aiki. Ni sabon shiga ne a kallon tseren motoci na Formula 1. Na ji masu sharhi suna cewa doka ta hana motocin amfani da na'urorin lantarki masu taimaka wa direba, har da birkin ABS da ke cikin motocinmu na gida. To amma ina ganin sitiyarinsu cike da maɓallai, babu fedar kuloci, ga injiniya yana ta yi wa direba magana ta rediyo. Shin me aka hana, me aka bari? Kuma tunda motar kusan kwamfuta ce gaba ɗayanta, ta yaya za a san ba ta taimaka masa a ɓoye?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a haɗe: inda aka ja layi tsakanin aikin direba da aikin na'ura, da kuma yadda ake tsaron layin. Ta biyun ce ta fi nauyi, don kusan duk tarihin wannan doka tarihin neman hanyar kama mai karya ta ne.

Dokar ba ta hana lantarki ba. A cikin dokokin gasar da FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ta rubuta akwai wata gajeriyar jimla da ke cewa dole direba ya tuƙa motarsa shi kaɗai, ba tare da taimako ba. Sauran dokokin ƙira suna fayyace wannan jimla ne. Abin da ake nufi a aikace shi ne: kwamfuta tana iya aiwatar da umarnin direba, da sauri da tsafta fiye da yadda hannu zai iya, amma ba ta da izinin jin cewa taya ta fara zamewa ta gyara masa da kanta. Jin iyakar riƙon taya da kwalta, da yanke shawarar abin da za a yi a wannan ɗan lokaci, shi ne aikin da aka keɓe wa mutum.

Abubuwan da aka hana, da abin da kowanne yake yi

Na farko kuma mafi girma ita ce na'urar hana tayoyin baya zamewa. Motar Formula 1 tayoyin baya ne kawai ke ja, kuma ƙarfin da ke zuwa musu ya kusa dawaki 1,000. Taya tana ba da mafi kyawun riƙo ne idan tana juyawa fiye da gudun motar da ɗan kaɗan. Da ta wuce wannan ɗan kaɗan ɗin, riƙon ya faɗi, bayan motar ya fara neman gefe, robar kuma ta ɗauki zafi ta ƙone. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a yashi ya san abin: ƙara totur ba ya ƙara tafiya, sai dai tayar ta haƙa wa kanta rami. Na'urar tana kwatanta gudun tayoyin baya da na gaba, waɗanda inji ba ya jan su. Idan na baya suka zarce da fiye da adadin da aka saita, sai ta rage ƙarfin inji nan take, galibi ta hana wasu silindoji wuta ko mai. Shi ya sa a bidiyon tseren 2001 zuwa 2007 za ka ji inji yana ƙara kamar yana tari wajen fita daga kwana. Direba ya take totur har ƙasa, kwamfuta ce ke tace abin da zai kai taya.

Na biyu shi ne ABS, tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, kuma rashinsa ya fi wahalar da direba fiye da yadda mai kallo yake zato. Fikafikan motar suna sa iska ta danne ta ƙasa, kuma wannan danniya tana ƙaruwa ne ninki a kan ninkin gudu: idan gudu ya ragu zuwa rabi, danniyar ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka a gudun kilomita 320 a awa direba yana iya taka birki da ƙarfin da ya haura kilo 100 ba tare da taya ta kulle ba, amma cikin sakan biyu gudun ya zube, danniyar ta tafi, kuma wannan takun da ya yi daidai ɗazu yanzu zai kulle taya. Dole ya riƙa sassauta ƙafa a hankali daidai da yadda riƙon yake raguwa, yana kuma karya sitiyari a lokaci guda. Idan ya makara, tayar gaba ta cikin kwana ta tsaya cak, ta goge kwalta, hayaƙi ya tashi, gefe ɗaya na robar ya baje. Daga nan motar za ta riƙa karkarwa, kuma a birki na gaba tayar za ta so ta sake tsayawa a kan wannan tabon. Sau da yawa kuskuren rabin sakan yakan tilasta shiga canjin taya da ba a shirya ba.

Sai na'urar tashi, wadda ke sarrafa kuloci da totur da kanta idan fitilun fara tsere suka mutu. Sai giya mai canza kanta. Sai ƙafar mota mai daidaita kanta, inda a maimakon sifirin da shokozoba na gargajiya ake sa famfunan mai da kwamfuta ke juyawa, su riƙe tsayin motar daga ƙasa daidai a kowace kwana. An kuma hana tayoyin baya juyawa tare da sitiyari, an hana duk wata na'ura da za ta sanar da direba cewa taya ta fara zamewa, ko da fitila ce ko ƙara a kunne. Sitiyari mai sauƙaƙa murɗawa an yarda da shi, amma na matsin mai kawai, ba wanda lantarki ke sarrafawa ba.

Yadda aka zo nan

Ƙungiyar Lotus ta ci tsere biyu a 1987 da ƙafa mai daidaita kanta, Ayrton Senna na tuƙi. Ferrari ta kawo canjin giya ta maɗannan bayan sitiyari a 1989, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Amma Williams ce ta haɗa komai wuri guda. Motarta ta 1992, FW14B, tana da ƙafa mai kwamfuta da na'urar hana zamewa, Mansell ya ci tsere 9 cikin 16, ya tashi daga gurbin farko sau 14, ya kuma kammala lashe gasar tun watan Agusta. Ta 1993, wadda Alain Prost ya ci gasa da ita, an ƙara mata ABS. Ƙananan ƙungiyoyi ba su da kuɗin bin wannan sahu, kuma mutane suka fara tambaya ko direba ake kallo ko masu rubuta manhaja. FIA, a ƙarƙashin Max Mosley, ta share waɗannan na'urorin taimako daga farkon 1994, amma ta bar canjin giya ta maɗannai.

Nan matsalar ta fito. Ƙafa mai kwamfuta abu ne da ido ke gani: akwai famfo, akwai bututu, mai duba mota zai ɗaga murfi ya gan su. Na'urar hana zamewa kuwa ba ƙarfe ba ce, layuka ne na rubutu a cikin ƙwaƙwalwar inji, kuma kowace ƙungiya da tata ƙwaƙwalwar da tata manhajar. Bayan tseren Imola na 1994, wanda Senna da Roland Ratzenberger suka rasu a ƙarshen makonsa, FIA ta nemi Benetton da McLaren da Ferrari su miƙa manhajojinsu. A ta Benetton masu bincike sun sami tsarin tashi a ɓoye, a wani zaɓi na 13 da ba ya bayyana a jerin da ke kan allo. Ƙungiyar ta ce na gwaji ne kawai. FIA ba ta sami hujjar cewa an yi amfani da shi a tsere ba, don haka ba ta hukunta ta a kan wannan ba, sai tarar dala 100,000 saboda jinkirin miƙa manhajar. Abin lura a nan shi ne samun abu a cikin manhaja daban, tabbatar da cewa ya yi aiki ranar tsere daban.

Kuma ba lallai sai da sensa a jikin taya ake hana zamewa ba. Idan taya ta kuɓuce, juyin inji yakan tashi da saurin da ba zai yiwu ba in da tana riƙe da kwalta. Manhaja tana iya lura da wannan saurin tashin kaɗai ta rage wuta, ta kuma kira kanta da sunan kare inji daga lalacewa. Shekaru bakwai ana zargin juna. Daga ƙarshe FIA ta yarda ba za ta iya tsaron dokar ba, sai ta buɗe ƙofa: daga tseren Sifaniya na 2001 aka halatta hana zamewa da na'urar tashi da giya mai canza kanta. Ba don an canza ra'ayi a kan cancantarsu ba, sai don dokar da ba a iya kama mai karya ta mai gaskiya kawai take cuta. Na'urorin ma ba su zo lafiya lau ba. A Monako a wannan shekarar David Coulthard ya samu gurbin farko, na'urar tashi ta kashe masa mota kafin zagayen ɗumama taya, ya koma tashi daga can baya.

An sake ɗaure abin a hankali. A 2003 aka hana gareji aika umarni kai tsaye zuwa cikin mota tana gudu, bayanai na fita daga mota zuwa gareji amma ba sa komawa. A 2004 aka cire na'urar tashi da giya mai canza kanta. Babban matakin shi ne na 2008: aka tilasta wa kowa ƙwaƙwalwar mota iri ɗaya, wadda sashen lantarki na McLaren ya ci kwangilar ƙerawa, kuma da ita aka sake haramta hana zamewa. A ganina wannan akwatin shi ne ainihin dokar. Rubutun 1994 da na 2008 kusan abu ɗaya suke faɗa, bambancin shi ne a 2008 hukuma ta riƙe makullin ɗakin da ake ɓoye abin.

To me maɓallan nan suke yi?

Kusan dukkansu zaɓi ne da direba ke yi tun kafin abu ya faru. Ka ɗauki giya. Akwai giya takwas na gaba, kuma kwamfuta ce ke yin canjin, ta rage wuta, ta daidaita juyi, ta shigar da giyar cikin ƙiftawar ido. Amma kowane canji sai direba ya ja maɗanni da yatsansa, ɗaya bayan ɗaya. Motar tana iya ƙin umarnin sauko da giya idan zai fasa inji, amma ba ta iya zaɓar masa lokacin canji. Akwai maɓallin da ke tsayar da gudu a layin gareji, kilomita 80 a yawancin filaye, 60 a matsattsu irin Monako, wannan don lafiyar makanikai ne. Akwai tsarin da ke kama kuloci idan inji zai mutu. Akwai maɓallan difarenshiyal, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya biyu, inda direba ke saita yadda za ta ɗaure wajen shiga kwana, tsakiyarta da fitarta. Akwai na rabon birki tsakanin gaba da baya, wanda yawanci yake tsakanin kashi 55 zuwa 60 a gaba, kuma direbobi kan canza shi sau da dama a zagaye ɗaya.

Tunda hannun mutum ne ke taɓa su, kuskure ma nasa ne. A Baku a 2021 Lewis Hamilton ya taɓa wani maɓalli ba da niyya ba lokacin da aka sake tashi saura zagaye biyu. Maɓallin na tura rabon birki gaba sosai ne don ɗumama taya a bayan motar tsaro. Da ya taka birki a kwana ta farko, tayoyin gaba suka kulle, ya wuce kai tsaye, ya fita daga masu maki. Da motar tana da izinin gyara masa, da hakan bai faru ba.

Fedar totur ma ba waya ce ke haɗa ta da inji ba, sigina take aikawa, kuma nan ne dokar ta yi zurfi. Akwai taswirar da ke fassara matsayin feda zuwa ƙarfin da ake nema. Doka ta ce duk ƙarin taku dole ya zama ƙarin ƙarfi, kuma ta iyakance yadda ƙarfin zai iya faɗuwa idan juyin inji ya tashi alhali ƙafa ba ta motsa ba. Dalili: idan aka zana taswira ta yadda ƙarfi ke zubewa da zarar juyi ya haura, to taya na zamewa juyi zai tashi, ƙarfi ya ragu da kansa, taya ta sake kamawa. An samu hana zamewa ke nan ba tare da ko sensa ɗaya ba. A tseren Jamus na 2012 wakilin fasaha na FIA, Jo Bauer, ya kai ƙarar Red Bull gaban alƙalan tsere saboda injinta yana ba da ƙarfi ƙasa da na da a tsakiyar juyi. Alƙalan ba su sami saɓa wa rubutun doka ba, amma kafin tsere na gaba a Hangari aka toshe kafar: kowace ƙungiya ta zaɓi taswira ɗaya daga tsere huɗu na farkon shekara, kuma ba za ta kauce mata da fiye da kashi 2 cikin ɗari ba a saman juyi 6,000.

Birkin baya shi ne wurin da ya fi rikitar da mutane, don tun 2014 kwamfuta ce ke sarrafa shi. An yarda da haka ne bisa larura. Motar lantarki (wato injin lantarki, ba mota mai taya ba) da ke haɗe da inji tana tara wuta a batir lokacin birki, kuma tarawar ita kanta birki ce a tayoyin baya. Amma ƙarfinta ba ya tsayawa wuri ɗaya: idan batir ya cika sai ta daina ja. Ba ɗan Adam da zai iya bin wannan canji da ƙafa. Don haka fedar tana tura mai kai tsaye zuwa tayoyin gaba, a baya kuwa kwamfuta ke lissafa nawa motar lantarki ta ɗauka, nawa jan inji ya ɗauka, ta cika sauran da faifan birki, har jimlar ta zama abin da direba ya nema. Abin da ba ta da izinin yi shi ne duba ko taya ta kusa kullewa ta sassauta. Ta ba shi abin da ya nema, ko da abin da ya nema ya yi yawa.

Shari'ar da ta fi nuna inda layin yake ita ce ta Renault a Japan a 2019. Racing Point ta kai ƙara cewa rabon birkin Renault yana canzawa a allon sitiyari ba tare da direba ya taɓa komai ba. Alƙalai suka bincika suka ce tsarin bai saɓa wa dokokin ƙira ba, amma yana ɗauke wa direba aikin da ya kamata ya yi da hannunsa a cikin zagaye, don haka ya saɓa wa waccan jimla ta tuƙi ba taimako. Aka soke sakamakon Daniel Ricciardo da Nico Hülkenberg, na shida da na goma, maki tara suka tafi. Ka kwatanta da Mercedes a 2020, wadda direbobinta ke jan sitiyari baya ko tura shi gaba don canza kusurwar tayoyin gaba. Red Bull ta kai ƙara a Ostiriya ba ta yi nasara ba, don an ɗauke shi a matsayin ɓangaren sitiyari, kuma ƙarfin direba ne ke motsa shi. An bar shi ya ƙare shekarar, aka hana shi daga 2021.

Tashi da rediyo

Kuloci yana nan, a bayan sitiyari yake, kuma wajen tashi da fita daga gareji kawai ake taɓa shi. Bayan an hana na'urar tashi, ƙungiyoyi sun samo dabara: maɗannai biyu, ɗaya a riƙe shi daidai inda kuloci ke fara kamawa, ɗaya a ja shi gaba ɗaya. Fitila na mutuwa a saki na biyun, motar ta faɗa daidai inda injiniya ya auna. Kafin nan kuma injiniya ya riga ya faɗa wa direba ta rediyo lambar da zai saita bayan ya duba zafin kuloci da riƙon kwalta. Daga tseren Beljiyam na 2015 aka hana wannan shawara, a 2016 aka ce hannu ɗaya da maɗanni ɗaya, a 2017 aka ce tafiyar maɗannin kada ta wuce milimita 80 kuma dole kamun kuloci ya bi motsin yatsa kai tsaye, ba a faɗaɗa wurin kamun a manhaja ba. Yanzu direba ne ke riƙe juyin inji, ya saki maɗanni zuwa inda yake ji, sannan ya ƙarasa saki yana ƙara totur. Ya yi gaggawa taya ta zame, ya yi nawa inji ya nutse. Shi ya sa kake ganin mota ta biyu ta wuce ta farko kafin kwana ta ɗaya.

Rediyo kuwa an gwada ɗaure shi an kasa. An fara taƙaitawa a Singafo a 2014, aka tsananta a 2016. Sai ga Hamilton a Baku a wannan shekarar yana fama da saitin inji da ya rikice, injiniyansa ya san maganin amma doka ta hana shi faɗa. A Silverstone aka gaya wa Nico Rosberg yadda zai lallaɓa giyar da ta sami matsala, aka ƙara masa sakan 10, ya sauka daga na biyu zuwa na uku. A Hangari aka hukunta Jenson Button saboda saƙo a kan fedar birkinsa da ta nutse. Abin ya zama hukunta mutum don an gaya masa yadda zai tsira da motarsa. Daga tseren Jamus na shekarar aka janye takunkumin, in ban da zagayen ɗumama taya. Wannan ragowar ta nuna haƙoranta daga baya: a Hangari a 2020 an ƙara wa direbobin Haas biyu sakan 10 kowanne don an umarce su a wannan zagayen su shiga su sa tayar busasshiyar hanya.

Yadda ake gane mai ha'inci

Hanya ta farko ita ce manhaja: duk abin da za a ɗora wa mota sai an yi masa rajista a FIA, kuma hukuma na iya duba abin da ke cikin akwatin ta kwatanta da wanda aka miƙa. Ta biyu ita ce bayanan da mota ke nadawa. Ana jera layuka huɗu a kan allo a lokaci ɗaya: matsayin fedar totur, gudun tayoyin baya, gudun na gaba, da ƙarfin da ya fita daga inji, wanda sensar da hukuma ta amince da ita ke aunawa. A motar da ba ta da taimako, idan tayar baya ta zarce, za ka ga ƙafar direba ta ɗaga tukuna, bayan ɗan jinkirin da jikin mutum ke buƙata, sannan ƙarfi ya sauka. Idan kuwa layin feda yana kwance bai motsa ba, ƙarfi ya faɗi a daidai lokacin da taya ta zarce, ya dawo da ta kama, kuma hakan ya maimaita kwana bayan kwana, to ba ƙafa ce ta yi ba.

Wannan hujja tana hannun hukuma da ƙungiyoyi ne, ba hannun mai kallo ba. Ƙarar inji a talabijin, ko layukan baƙi masu tsinkewa da taya ta bari a kwalta, ba su isa shaida ba. Gargadar hanya da murɗewar sandar da ke kai ƙarfi ga taya suna iya barin irin wannan alama.

Ko hanin ya yi daidai?

Ina ganin ya yi, amma ba don na'urorin suna mayar da kowa gwani ba. A Silverstone a 1992 Mansell ya fi abokin ƙungiyarsa Riccardo Patrese da kusan sakan biyu a zagayen neman gurbi, mota iri ɗaya. A Donington a 1993, cikin ruwa, Senna ya haura daga na biyar zuwa na ɗaya a zagayen farko, da na'urar hana zamewa a motarsa da kuma a na Williams da ya wuce. Gwani gwani ne. Abin da na'urorin ke yi shi ne rage kuskure, kuma kuskure ne ke buɗe ƙofar wucewa. Idan kowa yana fita daga kwana daidai a kowane zagaye, na baya ba shi da abin jira. Ka duba Silverstone a 2008, shekarar farko ta hanin, cikin ruwan sama: Hamilton ya ci da tazarar fiye da minti ɗaya, Felipe Massa, wanda suka yi takarar gasa da shi har zagayen ƙarshe na shekarar, ya juya sau biyar.

Masu cewa hanin yana rage tsaro suna da magana, musamman a ruwa. Sai dai direban da ya san na'ura za ta kama shi yakan ƙara gudu har ya cinye ratar da ta ba shi. Wasu gasannin sun zaɓi wata hanya bisa dalilansu. MotoGP ta bar hana zamewa, don babur da ya zame ya sake kamawa yakan cilla mahayinsa sama, amma tun 2016 kowa manhaja ɗaya yake amfani da ita. Motocin GT3 suna da ABS da hana zamewa, saboda ana sayar da su ga masu tsere na sha'awa da ke raba tuƙi da ƙwararru.

Inda layin ya fi laushi yanzu shi ne sarrafa wutar batir. Daga 2014 zuwa 2025 motar lantarki tana ba da kilowat 120, kuma manhaja ce ke tsara inda za a saki wutar da inda za a tara ta a zagaye, bisa nisan da mota ta yi, direba yana zaɓar tsari ne kawai. Dokokin 2026 sun ɗaga wannan ƙarfi zuwa kilowat 350, kusan rabin ƙarfin motar, sun cire na'urar da ke tara wuta daga turbo, sun kuma maye gurbin DRS, wato fiffiken baya mai buɗewa don sauƙaƙa wucewa, wanda aka yi amfani da shi tun 2011, da fikafikan gaba da baya masu buɗewa a miƙaƙƙiyar hanya da ƙarin wuta ga wanda ke cikin sakan ɗaya da na gabansa. Motar lantarki tana iya canza ƙarfinta da sauri fiye da duk wani injin fetur, wato ita ce kayan aiki mafi dacewa da hana zamewa a ɓoye in da za a sake ta. Don haka dokokin suka ƙayyade gudun da za ta fara aiki bayan tashi da saurin da ƙarfinta zai iya sauka, kuma jimlar ƙarfin inji da na lantarki dole ta bi abin da feda ta nema. Duk da haka, idan mota ta rage wuta a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya don ta cika batir alhali ƙafar direba tana ƙasa, wani ɓangare na gudunsa manhaja ce ta yanke, kuma doka ta yarda da wannan saboda batir take karewa, ba riƙon taya ba.